Lissafin Singafora

Lissafin Singafora wata hanya ce ta koyar da lissafi a makarantun firamare wadda Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar Singafora ta ɓullo da ita a farkon shekarun 1980. Kafin lokacin, ƙasar tana shigo da littattafan lissafi ne daga waje. A shekarar 1982 ta fara buga nata jerin littattafan mai suna Primary Mathematics, aka sake musu fasali a 1992 domin ba da fifiko ga warware matsala.

Yadda ake koyarwa

Tsarin ya ginu a kan ra'ayin Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka. Yaro yakan fara da abin da zai taɓa da hannunsa, kamar tsinke ko maɓalli, daga nan ya koma zane, sannan a kai shi ga alƙaluma. Ana rage yawan batutuwan da ake koyarwa a shekara, amma ba a barin batu sai ya zauna.

Abin da tsarin ya fi shahara da shi shi ne zanen akwatuna. Misali, wa da ƙanensa suna da alewa 48, na wan ya ninka na ƙanen sau uku. Ɗalibi zai zana akwati ɗaya na ƙanen, uku na wan. Akwati huɗu ke nan suka zama 48, kowanne 12. Ya warware abin da a wasu wurare sai an yi aljabara, ba tare da ya rubuta x ba.

Harshe ma yana da hannu a nan. Da Turanci ake koyarwa a Singafora, alhali yara da yawa sun taso ne da Sinanci, Malay ko Tamil a gida, don haka tambayar da aka rubuta da kalmomi takan fi lissafin kansa wuya. Zanen yana mai da jimla hoto.

Yaɗuwa da suka

Ɗaliban Singafora sun zo na ɗaya a lissafi a gwajin ƙasa da ƙasa na TIMSS a 1995, lamarin da ya jawo hankalin Amurka. A 2007 jihar Kalifoniya ta amince da littattafan. Sai dai masu suka na cewa littafi kaɗai ba ya isa, domin malaman Singafora suna samun horo sosai, kuma iyaye da dama suna biya wa 'ya'yansu darasin bayan makaranta.