Arahar Na'urar Karatu da Abin da Ke Bayanta

Da Amazon ta fito da na'urar karatu ta Kindle a Amurka a 2007, dala 399 ake sayar da ita. Zuwa 2011 mafi araharta ta sauko dala 79, bisa sharaɗin talla ya riƙa fitowa a allon idan an ajiye ta. Wannan sauƙi dabarar kasuwa ce: a rage riba a kan na'ura, a ɗaure mai ita ga shago guda, a fanshe a kan littattafai. A 2009 kamfanin ya goge littafin George Orwell, 1984, daga na'urorin waɗanda suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. Nan aka gane izinin karatu aka saya, ba littafin ba.

Wani zai ce ina ruwan mai ƙaramin ƙarfi da wannan, tunda allon na karantuwa cikin rana, caji ɗaya kuma ya kai makonni? Gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, na littafi kuwa kullum ne. Shi ya sa mai lissafi, kafin ya yi ciniki, yake tambaya ko na'urar tana buɗe littafi mai tsarin fayil na EPUB kai tsaye daga shaguna daban-daban, kamar yadda na'urar karatu ta Kobo ke yi.