Tarihin Gano Ƙadangaren Teku na Goronyo da Yadda Aka Yi Ta Gyara Surarsa

Mai haƙa rijiya a ƙasar Bichi ko Dawakin Tofa, in ya wuce rairayi da jar ƙasa, dutse mai tauri yake tararwa, wanda ba ya riƙe ƙashin kowace dabba. Amma a ƙasar Sakkwato sai ya iske laka da farar ƙasa, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Dalili kuwa, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take yau, ya malale wannan yanki.

A 1930 W. E. Swinton, masani a Ingila, ya duba 'yan ƙasusuwan da aka tono a Lardin Sakkwato, ya sa wa dabbar suna Mosasaurus nigeriensis. Ita dai 'yar dangin damo da guza ce, sai dai ta koma zaman ruwa, ƙafafunta suka zama kamar filafili. Daga baya masana daga Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka sami ƙoƙon kanta a gundumar Goronyo. Suka ga ta sha bamban da 'yan'uwanta, don haka a 1972 suka sauya mata suna zuwa Goronyosaurus.

To, nan ne gizo ke saƙa. Nauyin ƙasa ya riga ya latse ƙoƙon, ƙasusuwan sun hau juna. Da suka zo harhaɗawa, sai suka ba ta ƙashin kunci mai tsawon da ba a taɓa gani ba a danginta. Sai a 1988 Soliar ya sake bin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna an yi kuskure. Abin da ya tabbata shi ne dogon baki siriri, da miƙaƙƙun haƙora masu shiga tsakanin juna irin na kada, da ƙananan idanu. Wannan ya sa ake kyautata zaton a ruwa mai dauɗa take farauta, inda gani ba ya nisa. A ganina bai kamata a zargi Italiyawan ba. Wanda ya taɓa haɗa fasasshiyar tukunya ya san aikin.

Wutsiya ma ta sha gyara. Masu zane sun daɗe suna ba wannan dangi wutsiya irin ta maciji, har 2013, lokacin da aka bayyana wani ƙwarangwal daga ƙasar Jodan da shatin fatarsa, aka ga wutsiyar mai reshe biyu ce kamar ta kifi.