Tarihin Hanyar Nordschleife a Wasannin Tseren Mota na Kwamfuta

An buɗe filin tseren motoci na Nürburgring a tsaunukan Eifel na ƙasar Jamus a shekarar 1927, kuma hanyarsa ta arewa, wato Nordschleife, mai tsawon kusan kilomita 21 da yawan lanƙwasa da hawa da gangara, ta daina karɓar gasar Formula 1 bayan haɗarin Niki Lauda na 1976. Wasannin kwamfuta masu kwaikwayon tuƙi na zahiri, irin su Grand Prix Legends na 1998 da Gran Turismo 4 na 2004, sun shigar da ita gidajen jama'a, inda masu wasa suka riƙa koyonta kashi-kashi, suna haddace wuraren taka birki domin rage lokacin zagaye guda. A wannan hanya, saninta ya fi ƙarfin inji tasiri.