Korar Baƙi Daga Ghana a 1969, da Abin da Ya Biyo Baya

Tun kafin zuwan Turawa Hausawa suke tafiya Gwanja fatauci. Madugu yakan tara ayari a Kano ko Sakkwato, a labta wa jakuna kanwa da tufafi da jar fata, a haye Kwara, a ratsa Bargu, a yi ta tafiya wata da watanni har a isa Salga. Can ne ake tarar da goron da ya fito daga ƙasar Tonawa, watau Asante. Duk inda ayari ya saba sauka akan kira wurin zango. Sannu a hankali waɗansu fatake suka daina komowa gida, suka yi aure, suka gina masallatai, zango ya zama unguwa. Da yaƙin basasa ya watsa Salga cikin 1892, sai mutanenta suka bazu cikin garuruwa. A cikinsu har da shahararren malamin nan, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karaci har ya rasu cikin 1934.

Da Ingilishi suka mallaki ƙasar, wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, sai bukatar baƙi ta daɗa ƙaruwa. Da ma akwai sojan Hausa cikin rundunar da suka tasam ma Tonawa da ita a 1874. Bayan wannan kuma ga noman koko, ɗan itacen da ake yin cakulan da shi. Wani maƙeri wai shi Tete Kwashi ya kawo irinsa daga tsibirin Fanando Po cikin 1879, kafin 1911 kuwa ba ƙasar da ta kai Gwalkwas fitar da koko a duniya. To, gona ta yi yawa, hannu ya yi kaɗan. Sai Mosawa da Zabarmawa da mutanen Togo suka yi ta kwarara, waɗansu suna aikin gona bisa sharaɗin a kasa amfani uku mai aiki ya ɗauki kashi ɗaya, waɗansu suna haƙar zinariya a Obuwasi da Tarkwa. Yarabawa suka kama rumfunan kasuwa har cikin ƙauyuka. Hausawa suka riƙe fawa da cinikin goro da shanu da malanta. A zamanin nan ba mai tambayar baƙo takarda, gama aiki ne ke neman mutane. Da aka yi ƙidaya cikin 1960, aka sami mutanen ƙasar duka sun kai miliyan 6 da dubu 700, baƙi kuwa a cikinsu sun fi 800,000, watau wajen mutum 12 cikin ɗari.

Ghana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris, 1957, a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. Cikin shekaran nan aka fara ganin alama, don an kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Nijeriya saboda suna jam'iyyar hamayya. A 1963 aka yi doka cewa kowane baƙo ya mallaki takardar izinin zama, amma ba a matsa ba, talakawa da yawa ma ba su san da ita ba.

Abin da ya juya zukatan mutane shi ne ƙuncin zama. Kuɗin koko ya faɗi warwas cikin 1965, bashi ya yi wa Gwamnati katutu, soja suka tuɓe Nkrumah a Fabrairu 1966. Daɗin daɗawa, tun 1961 aka mai da karatun firamare da midil kyauta kuma dole, saboda haka kowace shekara samari dubbai ke fitowa daga makaranta da takardar shaida a hannu, su kewaye ofisoshi ba aiki. In yaro ya gaji ya shiga kasuwa, sai ya tarar rumfa ta Bayarabe ce, mahauta ta Bahaushe, dako na Bazabarme. Nan fa aka shiga cewa baƙi sun tare hanyar abinci, suna kwashe kuɗi suna kai wa ƙasashensu, su ne masu fasa-ƙwaurin lu'ulu'u, su ne ɓarayi. Ko shakka babu akwai masu laifi a cikinsu, kamar yadda ake samu cikin kowace al'umma. Amma ba baƙo ne ya karya farashin koko a kasuwar Landan ba, ba kuwa shi ya ciwo bashi ba. An bar jaki ne aka koma dukan taiki.

Dokta Kofi Busia ya ci zaɓe cikin Agusta 1969, ya zama Firayim Minista. Ran 18 ga Nuwamba Gwamnatinsa ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama, ya nemo ta cikin mako biyu, in ba haka ba ya bar ƙasar. Mako biyu kuwa ina za su isa mutum dubu ɗaruruwa su sami fasfo da izini? Wani tsoho ya shekara arba'in a zango, bai taɓa riƙe takarda ba. Wani a nan aka haife shi, amma dokar lokacin ta ce haihuwa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa. Aka yi ta sayar da gidaje da motoci da rumfuna a wulakance, aka cire yara daga makaranta, aka raba miji da mata. Tasoshin mota da bakin iyaka suka cika maƙil, ga rana, ga ƙishirwa, tsofaffi da jarirai waɗansu suka mutu a hanya. Waɗanda suka nufi Nijeriya kuma suka tarar da ita cikin yaƙin basasa, don bai ƙare ba sai Janairu 1970. Mutanen da suka fita cikin 'yan watannin nan ba su kasa 200,000 ba. A 1970 aka ƙara wata doka wadda ta keɓe ƙananan sana'o'i da cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa kaɗai.

Da fari jama'a sun yi murna, amma murnar ba ta daɗe ba. Masu gonakin koko suka rasa leburori, gama samarin da suka yi makaranta ba su yarda su shiga daji su yi aikin da Mosawa ke yi ba. Waɗanda suka gaji rumfuna da yawa ba su da jari, ba su kuma san hanyar saro kaya ba. Rashin aiki yana nan inda yake. Cikin Disamba 1971 aka karya darajar kuɗin ƙasar, ran 13 ga Janairu, 1972 kuwa Kanar Acheampong ya kifar da Gwamnati, Busia yana Ingila wajen magani. Abin mamaki, shi kansa a Okosfod ya yi karatu, daga 1959 zuwa 1966 kuma yana gudun hijira, yana koyarwa a jami'o'in Holan da Ingila. A Okosfod ɗin ya rasu cikin 1978, yana baƙo.

Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Da arzikin man fetur ya buɗe wa Nijeriya, Ghana kuwa ta shiga wahala, sai mutanenta suka yi ta zuwa neman abinci, da malaman makaranta, da teloli, da magina, da masu gyaran takalmi. An karɓe su, musamman da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976 ana neman malamai ido rufe. Amma da kuɗin mai ya faɗi, sai aka soma jin irin maganganun da aka yi a Kumasi da Akara, yanzu a bakin mutanen Ikko da Kano. Ran 17 ga Janairu, 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Wajen mutum miliyan 2 suka tashi, kusan rabinsu mutanen Ghana. Suka koma gida cikin shekarar fari da gobarar daji da yunwa. Jakar nan mai zane-zane da suka zuba kayansu ciki, har yau da sunan wannan kora ake kiranta, Ghana Must Go. Nijeriya ma ba ta warke ba, don kafin shekarar ta ƙare soja suka karɓe mulki.

Mai karatu ya lura, ƙasashen nan biyu hanya ɗaya suka bi. Lokacin wadata an kira baƙo, lokacin tsanani an ɗora masa laifi, bayan ya tafi kuma tsananin bai bi shi ba. Kowace hukuma tana da ikon ta san wanda ya shigo ƙasarta, ta kuma kiyaye rabon 'ya'yanta wajen aiki da makaranta. Amma gyaran wannan sai da tsari da isasshen wa'adi da adalci, a bambanta mai laifi da mai neman halalinsa. Bahaushe kuwa, wanda ba ƙasar da ba shi da ɗan'uwa a zangonta, ya fi kowa cancantar tuna wannan duk ran da ya ji ana zagin baƙo a garinsu. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.