Shaidar Kyawun Hali a Kotunan Ostareliya, 2001 zuwa 2023

Tsohuwar al'ada ce a shari'ar Ingila, wadda Ostareliya ta gada, cewa bayan an tabbatar wa mutum laifi, kafin a yanke masa hukunci, sai a karɓi takardun waɗanda suka san shi, su faɗi kyawun halinsa, ko alƙali ya sassauta. Kada a rikita wannan da tazkiyya ta littattafan Malikiyya, domin ita tazkiyya adalcin mai ba da shaida ta ke bincike, ba na wanda ake tuhuma ba.

Inda al'adar ta ci karo da hankali shi ne shari'ar Vincent Ryan, wani limamin Katolika na jihar New South Wales, wanda ya amsa laifin lalata da yara maza shekara da shekaru. Alƙalin farko ya ce ayyukansa na alheri ba za su sama masa sassauci ko kaɗan ba. Amma cikin 2001 Babbar Kotun ƙasar, bisa ra'ayin masu rinjaye, ta ce alƙalin ya yi kure, wai tilas a ba kyawun hali nauyinsa, kome ƙanƙantarsa. Abin dubawa a nan kuwa, sunan kirkin nan shi ne mabuɗin da ya buɗe masa ƙofofin gidaje. Da ba don shi ba, wane uba zai sakar masa ɗansa? Ashe makamin da aka yi ɓarna da shi, shi aka kawo kotu ana neman lada a kansa, wanda aka cuta kuma yana zaune yana ji ana yabon macucinsa.

Cikin 2008 majalisar New South Wales ta gyara dokarta ta yanke hukunci ta 1999, ta hana a duba kyawun hali cikin laifin lalata da yara, muddin kotu ta gamsu cewa halin ne ya taimaki mai laifi ga aikatawa. Hukumar binciken da aka kafa cikin 2013 kan cin zarafin yara a makarantu da majami'u da gidajen marayu ta ba sauran jihohi shawara cikin 2017 su bi wannan sawu.

Gyaran bai kai ko'ina ba. Malami ko limami, da sauƙi a nuna sunansa ne ya kai shi ga yaro. Uba fa, ko kawu, ko mijin uwa? Zaman gida ɗaya ne ya ba shi hanya, saboda haka takardun abokansa suka ci gaba da shiga kotu. Wannan giɓi ne ya sa cikin 2023 waɗansu da aka cuta tun suna yara suka tashi, suna neman a soke sharaɗin nan, a hana wannan shaida ga duk wanda aka kama da laifin lalata da yaro.