Takalmin Zomo, Furen da ke Tambarin Najeriya

Duk wanda ya riƙe fasfon Najeriya ya san tambarin ƙasar: jar mikiya a sama, fararen dawakai biyu, da baƙar garkuwa mai zanen mahaɗar kogin Kwara da Binuwai a Lakwaja. Ƙalilan ne ke kai ido ƙasa, kan ciyawar da dawakan suka taka, inda aka warwatsa ƴan furanni. Wannan ne furen ƙasa, wanda masana ke kira Costus spectabilis, Hausawa kuma suka san shi da takalmin zomo tun kafin a zana tambarin a 1960.

Tsiron daji ne, dangin citta na nesa. Da rani ko alamarsa babu, domin saiwarsa tana kwance cikin ƙasa tana jiran ruwa. Da zarar damina ta faɗi, sai ya fito da ganye huɗu masu kauri, su shimfiɗu a ƙasa kamar an jera faifai huɗu, kowanne na fuskantar nasa ɓangaren. Daga tsakiyarsu fure ke ɓullowa, rawaya, mai buɗaɗɗen baki, ya yi ɗan lokaci ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa. Ya fi son gindin itatuwa da tsakankanin duwatsu, kuma ana samunsa daga Afirka ta Yamma har Sudan, Angola da Zimbabuwe.

Masanin tsirrai Fenzl ɗan Ostiriya ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1865, sannan Bajamushe Schumann ya ba shi sunan da yake amsawa yau a 1892. A 1916, likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya sanya sunansa na Hausa cikin littafinsa na sunayen tsirrai.

Abin takaici, sau da yawa masu zana tambarin suna yi wa furen jan launi, alhali a daji rawaya ne.

Renonsa ba wuya. Ana raba saiwar a dasa gab da damina, a ƙasa mai tsane ruwa da ɗan inuwa. Idan ganye ya bushe da kaka, sai a daina ban ruwa, don danshin rani yana ruɓar da saiwar. Makarantar da ta ware masa ɗan fili a harabarta, ɗalibanta za su ga furen ƙasarsu da launinsa na gaskiya duk farkon damina.