Sammacin da Ba Ya Tsallake Iyaka: Hurumin Kotun Alƙali da Ma'aikatanta a Ƙasar Bagudo

A Najeriya gari ba ya da kotun kansa. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, su kasuwa da tashar mota da maƙabarta da rajistar haihuwa, amma bai sa shari'a a ciki ba. Majalisar dokokin jiha ce sashe na 6 ya ba ikon kafa ƙananan kotuna. Don haka mutumin Kende, a ƙaramar hukumar Bagudo, in ya kai ƙara, gaban ma'aikacin jihar Kebbi yake gurfana, ba gaban alƙalin garinsu ba.

Da ba haka abin yake ba. Turawa sun tarar da alƙalai suna aiki a ƙasar Gwandu, ƙasar Abdullahi ɗan Fodiyo mai Liya'ul Hukkami, sai suka bar su a ƙarƙashin En'e, suka kasa kotunan daraja huɗu, daga A zuwa D, ta farkon har kisa tana yankewa. Sarki ke da ta cewa wajen naɗin alƙali, baitulmalin En'e ke biyansa, 'yan doka da dogarai ke kamo masa wanda ya ƙi zuwa. Dokar Kotunan Yanki ta 1967, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1968, ita ta rushe kotunan sarakuna ta mayar da alƙalai hannun ɓangaren shari'a na jiha. A shekarar 2000 kuma, zamanin Gwamna Adamu Aliero, Kebbi ta bi sahun Zamfara ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Gyaran 1968 ya yi amfani, domin 'yan adawar zamanin NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun alƙalan da sarauta ke juyawa. Sai dai an raba alƙali da sarki ba tare da an ba shi hannuwan da za su maye gurbin na sarki ba, kuma a bakin iyaka, irin ƙasar Bagudo, wannan giɓi ya fi fitowa fili.

A takarda hurumin kotun a bayyane yake: aure da saki da gado da riƙon 'ya'ya da bashi tsakanin Musulmi, sai rikicin gona wadda ba ta da takardar mallaka ta gwamna, kamar yadda sashe na 41 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada. Fasa-ƙwauri, duk da shi ne laifin da aka fi jin labarinsa a nan tun ma kafin rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba na alƙali ba ne, na Babbar Kotun Tarayya ne.

Rayuwar mutane ce ba ta tsaya inda hurumin ya tsaya ba. A ɗauki mace ta zo neman a raba aurenta, ta ce miji ya bar ta ba ci ba sha, yana can Segbana ko Malanbil cikin Jamhuriyar Benin. Alƙali ya sa hannu a sammaci. Masinja ya naɗe takardar ya cusa a aljihun riga, ya hau babur, ya isa Tsamiya da ke bakin iyaka, to nan ƙarfinta ya ƙare. Fiƙihun Malikiyya bai rasa mafita ba, ya yarda a yi wa mijin da ba ya nan jinkiri, in wa'adi ya cika bai aiko da ciyarwa ba a sake ta. Amma kafin nan dole a tabbatar labari ya kai gare shi, a samu shaidu, a rantsar da ita. In kuma khul'i ne, sadakin da aka biya da sefa shekarun baya, da wane canji za a mayar da shi? A can ƙetaren ma, dokar iyali ta Benin ta 2004 auren mace ɗaya da aka ƙulla gaban jami'in gwamnati kaɗai ta sani, auren da liman ya ɗaura da goro da waliyyai ba shi da gurbi a kotunsu.

Wannan ne ya sa nake ganin an karkata hankali wajen da bai fi buƙata ba. Tun daga makarantar shari'a ta Kano ta 1934, ilimin alƙali ake ta tattali, har sashe na 276 na Tsarin Mulki ya gindaya wa alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a shekara 10 da riƙe shaidar karatu. Madalla. Amma ba a cika tambayar wane ne rajistara ba, alhali abin da ya rubuta shi kaɗai kotun sama za ta karanta in an ɗaukaka ƙara. Kalmar shaida guda da ya tsallake tana iya rushe hukuncin gado. Ga tafinta, a ƙasar da ake jin Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da harshen Kyangawa. In ɗan uwan mai ƙara aka jawo daga bakin ƙofa ya yi fassara, to shaidar ta riga ta karkace tun kafin ta shiga kunnen alƙali. Masinja kuwa, muddin kuɗin mansa daga aljihun mai ƙara zai fito, mai hali ne sammacinsa zai riga isa.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce Tsarin Mulki ya ɗora wa ɗaukar waɗannan mutane da ladabtar da su, kuma yajin aikin ma'aikatan kotuna na 2021, wanda ya rufe kotunan ƙasar nan fiye da wata biyu, kan kuɗin gudanar da su aka yi shi. Ya kamata kotunan bakin iyaka su samu gurbin tafinta mai albashi. Ya kamata kuma doka ta amince da abin da ake yi a aikace ba a rubuta ba, wato alƙali ya roƙi dagaci ya aika wa takwaransa na ƙetare, domin dangi ne, kasuwa ɗaya suke ci, kuma saƙon baka ta wannan hanya yakan kawo mijin da takarda mai hatimi ta kasa kawowa. A ba irin wannan isar da saƙo fom da sa hannu, ya shiga kundin shari'a, don kotun sama ta iya dogara da shi.